Josh Gibson: Gwanin Bugun Da Ya Hau Kan Gaba Shekara 77 Bayan Mutuwarsa

A ranar 29 ga watan Mayun 2024, hukumar da ke kula da babbar gasar wasan besbol ta Amurka, wato Major League Baseball, ta ba da sanarwar cewa ta sake lissafin kundin tarihinta, inda ta shigar da sakamakon 'yan wasa sama da 2,300 waɗanda suka yi wasa tsakanin 1920 da 1948 a gasannin baƙar fata, a zamanin da aka hana su haɗa fili da Turawa. Da aka kammala lissafin, sai ga shi Ty Cobb, wanda ya kwashe kusan shekara ɗari a saman jerin gwanayen bugu, ya sauko na biyu, wani mai suna Josh Gibson ya hau kansa. Shi kuwa wannan bawan Allah ya riga ya shekara 77 a ƙasa, kuma bai taɓa sa ƙafa a waccan babbar gasa ba ko da na yini ɗaya.

Mu mazauna unguwar Bronx ta birnin New York, ko muna son besbol ko ba ma so, ya zame mana maƙwabci, domin kuwa filin ƙungiyar Yankees na nan a layi na 161, kuma da yawa daga cikinmu ta gabansa suke wucewa zuwa wajen neman abinci. Hular nan mai harafin NY da muke aika wa ƙannenmu a Kumasi da Nima da Damagaram ta wannan ƙungiya ce, duk da yake galibin masu sa ta ba su san haka ba. Yaranmu da aka haifa a nan sun san sunan Babe Ruth tun daga makaranta, amma da wuya ka ji ɗayansu ya ambaci Gibson, wannan ne ma ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan fili.

Saboda iyayenmu da ba su damu da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Ɗaya yana jefo ƙwallo da ƙarfin gaske, ɗan ɗaya ɓangaren yana tsaye da sanda yana ƙoƙarin dukan ta, a bayansa kuma akwai mai cafka a tsugune da safar hannu. Idan mai bugu ya same ta, sai ya ruga ya bi zango uku ya dawo inda ya tashi, wannan shi ne maki ɗaya. Idan kuwa ya maka ta ta tsallake katangar fili, to babu mai tare shi, zai zagaye a tsanake, abin da ake kira hom-ron ke nan. Gwanintar mai bugu ana auna ta ne da yawan bugun da ya kai shi zango lafiya a cikin kowace tsayuwa dubu. Wanda ya samu 300 cikin 1,000 gwani ne, ma'ana ko gwanin ma ya fi faɗuwa a kan dacewa. A lissafin da aka fitar a 2024, Cobb yana da 367 a tsawon rayuwarsa ta wasa, shi kuwa Gibson 372.

Kafin wannan sabon lissafi, in ana zancen manyan masu bugu na farkon zamani, sunaye uku ne ke fara zuwa baki. Akwai Honus Wagner na ƙungiyar Pirates ta birnin Pittsburgh, wanda sau takwas yana zama zakaran bugu na gasarsu. Akwai shi Cobb na Detroit, mai bugu sama da 4,100. Sai kuma Ruth, wanda ya yi hom-ron 60 a 1927 kaɗai, 714 kuma a jimla. Dukkansu uku suna cikin mutum biyar na farko da aka zaɓa a 1936 domin zauren tunawa da gwanayen wasan da ke garin Cooperstown. Ba mai musun gwanintarsu, sai dai dukkansu sun yi ta ne a gasar da aka rufe wa baƙar fata ƙofa. A 1884 wani baƙi mai suna Moses Fleetwood Walker ya yi wa ƙungiyar Toledo wasa a babbar gasa, amma kafin ƙarshen shekarun 1880 masu ƙungiyoyi sun haɗa baki sun daina ɗaukar baƙaƙe. Ba a rubuta dokar a kundin babbar gasa ba, amma ta yi aiki kusan shekara 60. Ganin haka ne wani tsohon ɗan wasa mai suna Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyin baƙar fata a birnin Kansas City a watan Fabrairun 1920, suka kafa gasar kansu mai suna Negro National League.

An haifi Joshua Gibson ranar 21 ga Disambar 1911 a wani ƙaramin gari mai suna Buena Vista a jihar Jojiya, jihar da shi ma Cobb ya fito. Shi ne babba a cikin 'ya'ya uku. Mahaifinsa, Mark Gibson, ya bi sahun miliyoyin baƙaƙen da suka riƙa barin gonakin kudancin Amurka suna tafiya biranen arewa saboda talauci da wulaƙanci. Ya samu aiki a masana'antar ƙarfe a Pittsburgh, da ya ɗan zauna da gindinsa sai ya aika iyalinsa suka biyo shi, lokacin Josh na da kimanin shekara 12. Duk wanda mahaifinsa ya riga shi zuwa ƙasar nan ya yi shekaru yana tara kuɗin jirgi, ya san irin wannan tafiya.

A Pittsburgh an sa shi makarantar koyon sana'a domin ya zama mai aikin wutar lantarki, amma bai yi nisa ba ya bar karatu ya shiga neman kuɗi. Ya yi aiki a kantin Gimbels, inda yake tuƙa lif, kuma a ƙungiyar 'yan wasan wannan kanti ne ya fara besbol na sosai yana ɗan shekara 16. Daga nan ya koma ƙungiyar unguwa mai suna Crawford, wadda ke wasa a filin Ammon da ke unguwar baƙaƙe ta Hill District, a can ne kuma labarin ƙarfin bugunsa ya fara bazuwa. Dogo ne, ya ɗan haura ƙafa shida, ga faɗin ƙirji da damtse, kuma waɗanda suka gan shi sun ce ba ya wani dogon shiri kafin ya kai duka, da ɗan gajeren motsi yake aika ƙwallon inda ba a zata ba.

Shekarar 1930 ita ce ta ɗaga shi, ita ce kuma ta karya shi. A watan Yuli ya shiga babbar ƙungiyar baƙaƙe ta yankin, wato Homestead Grays ta Cumberland Posey. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, ana cikin wasan dare da ƙungiyar Kansas City Monarchs, wadda ke yawo da fitilunta a mota, sai mai cafkar Grays, Buck Ewing, ya ji ciwo a hannu saboda ƙarancin haske, aka kira Gibson daga cikin 'yan kallo ya sa kaya. Masu binciken tarihi sun nuna cewa an ƙara wa labarin gishiri, domin Posey ya daɗe yana sa ido a kan yaron. Ko ma dai yaya ne, bai cika wata guda da shiga ba, ranar 11 ga Agusta, matarsa Helen, wadda ya aura a 1929, ta rasu wajen haihuwar tagwaye, namiji da mace. Yana ɗan shekara 18 ya zama gwauro mai 'ya'ya biyu. Dangin matar ne suka ɗauki renon yaran, shi kuwa ya koma kan hanya tare da ƙungiya, kuma na kusa da shi sun ce wannan rashi bai taɓa sakin sa ba.

A watan Satumba na wannan shekara ne ya zo nan Bronx, lokacin da Grays suka kara da ƙungiyar Lincoln Giants a tsohon filin Yankees, inda ya yi wani bugu da ya doshi can ƙarshen fili ta ɓangaren hagu, wurin da da wuya a ga ƙwallo ta kai. Daga baya aka riƙa cewa wai ya taɓa fitar da ƙwallo waje da filin gaba ɗaya, abin da ko Ruth bai yi ba, amma babu wata jarida ta lokacin da ta tabbatar da haka, saboda haka mu bar shi a matsayin hira. An rufe wancan tsohon fili a 2008 aka rushe shi, wurin ya koma filin wasan jama'a mai suna Heritage Field, kowa na iya shiga.

A 1932 wani attajiri mai suna Gus Greenlee, wanda ya yi kuɗinsa da cacar lamba irin ta loto, ya janye shi zuwa ƙungiyar Pittsburgh Crawfords. Greenlee ya gina filin kansa, ya kuma tara gwanayen da har yau ake jin ba a taɓa haɗa irinsu a ƙungiyar baƙaƙe ba: Oscar Charleston da Cool Papa Bell da Judy Johnson da shahararren mai jifa Satchel Paige, ga kuma Gibson a tsugune yana cafke masa. Dukkan su biyar daga baya sun shiga zauren Cooperstown. Ya kamata a lura cewa aikin mai cafka shi ne mafi wahala a wasan, yana cinye gwiwa da yatsu, shi ya sa ba kasafai masu wannan aiki ke zama manyan masu bugu ba. Gibson ya haɗa biyun. A 1936 da 1937, shekara biyu a jere, shi ne kan gaba a gasarsu a fanni uku lokaci guda, wato ma'aunin bugu da yawan hom-ron da yawan abokan wasan da bugunsa ya kai gida.

Amma rayuwar ba irin ta su Ruth ba ce. Wasannin gasa na ainihi a shekara ba su cika wuce 60 zuwa 80 ba, alhali Turawa na yin 154. Sauran kwanakin ƙungiya tana cikin bas ne daga wannan gari zuwa wancan, tana karawa da duk wanda zai kawo 'yan kallo, ko ƙungiyar ma'aikatan haƙar kwal ce ko ta wata masana'anta, wani lokaci wasa biyu ko uku a yini. A garuruwa da dama ba a ba su ɗaki a otal, ba a sayar musu da abinci ta ƙofar gaba, sai su kwana a mota. A ɓangaren kuɗi kuwa, lokacin da Boston ta sayar wa Yankees da Ruth a ƙarshen 1919, dala 100,000 aka biya, kuma a 1930 albashinsa ya kai dala 80,000 a shekara. Shi kuwa Gibson, da aka mayar da shi Grays a 1937, shi da Judy Johnson aka haɗa a kan dala 2,500 da ƙarin 'yan wasa biyu.

Wannan ne ya sa ya zama ɗan ci-rani. A 1937 ya tafi Jamhuriyar Dominika tare da su Paige, inda suka yi wa ƙungiyar shugaban kama-karya Rafael Trujillo wasa, mutumin da ya sauya wa babban birnin ƙasar suna ya sa nasa, kuma wanda a ƙarshen wannan shekara sojojinsa suka kashe dubban mutanen Haiti. Gibson ne ya zo na ɗaya a bugu a can da 453 cikin 1,000. Ya yi wasa a Kiyuba da Benezuwela da Puerto Rico, sannan a 1940 da 1941 ya koma Meziko wajen attajiri Jorge Pasquel mai ƙungiyar Veracruz, inda a 1941 ya yi hom-ron 33. A waɗannan ƙasashe yana wasa tare da farare, yana kwana a otal ɗin da kowa ke kwana, ana kuma biyan sa fiye da gida nesa ba kusa ba. Posey bai ji daɗin haka ba, ya maka shi a kotu yana neman dala 10,000, har gidansa na Pittsburgh ya kusa salwanta, dole ya dawo Grays a 1942.

Kada a ɗauka Turawan ba su san da shi ba. Ƙungiyar Grays hayar filin Pirates take yi, wato Forbes Field, a daidai shekarun da tsoho Honus Wagner ke aikin horarwa a can, daga baya kuma ta riƙa raba wasanninta tsakanin Pittsburgh da filin Griffith na birnin Washington. A 1934 Gibson ya kara da tawagar Dizzy Dean, gwanin jifan Turawa na lokacin, a wasannin sada zumunta na bayan kaka. A ƙarshen 1937 wani ɗan jaridar Pittsburgh Courier mai suna Chester Washington ya buga wa kocin Pirates, Pie Traynor, waya yana sanar da shi cewa ga su Gibson da Buck Leonard da Paige nan a araha idan yana son cin kofi, amma ba a ba shi amsa ba. Shi ma Leonard ya ba da labarin yadda mai ƙungiyar Washington, Clark Griffith, ya kira su biyu ofishinsa ya tambaye su ko suna sha'awar babbar gasa, suka ce suna so, daga nan ba su sake jin komai ba. A ganinmu dalilin a fili yake, domin Griffith na samun kuɗi mai yawa daga hayar filinsa da Grays ke yi, kuma bai ga abin da zai sa ya toshe wannan hanya da hannunsa ba. Shugaban hukumar wasan daga 1920 zuwa 1944, alƙali Kenesaw Mountain Landis, kullum cewa yake babu dokar da ta hana ɗaukar baƙi, amma har ya mutu ba a ɗauki ko ɗaya ba.

A ranar farko ta 1943 Gibson ya yanke jiki ya faɗi ya yi dogon suma. Likitoci suka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa, suka nemi yi masa aiki, ya ƙi, saboda tsoron kada ya tashi a nakashe. Abin mamaki shi ne, a wannan shekara ce ya yi bugun da ya fi na kowa a tarihi, sau 116 cikin tsayuwa 249, wato 466 cikin 1,000, wanda ya shafe 440 da Hugh Duffy ya kafa tun 1894. Grays suka ci kofin baƙaƙe na ƙasa a 1943 da 1944, duka a kan ƙungiyar Birmingham Black Barons. Sai dai a bayan fage mutumin yana ƙarewa. Ciwon kai ya matsa masa, ya shiga shan giya fiye da kima, jikinsa ya yi nauyi, gwiwoyinsa suka lalace, kuma an sha kwantar da shi a asibiti saboda rikicewar tunani. Mutumin da abokansa suka sani da fara'a da barkwanci ya koma mai zama shi kaɗai.

Da ƙofar ta tashi buɗewa, ba shi aka buɗe wa ba. A watan Oktoban 1945 Branch Rickey na ƙungiyar Brooklyn Dodgers ya sanar da ɗaukar Jackie Robinson, matashi ɗan shekara 26 da ya yi jami'a ya kuma yi hafsan soja, wanda kaka ɗaya tak ya yi a gasar baƙaƙe. Rickey mai jure zagi yake nema, kuma mai sauran shekaru a gaba, Gibson kuwa ya doshi 34 ga rashin lafiya. Duk da haka bai ajiye sanda ba, ya buga kakar 1946 har ƙarshenta. Ya mutu ranar 20 ga Janairun 1947 a gidan mahaifiyarsa da ke Pittsburgh sakamakon bugun jini, yana da shekara 35. Bayan kwana 85, ranar 15 ga Afrilu, Robinson ya fita fili a Brooklyn sanye da rigar Dodgers. Abokinsa Paige ya samu shiga a 1948 yana da shekara 42. Gasar da Gibson ya yi wa hidima kuwa ta watse a ƙarshen 1948, domin 'yan kallonta sun bi gwanayensu zuwa filayen Turawa.

An binne shi a maƙabartar Allegheny, kabarin ba suna sai lamba, haka ya zauna har 1975 lokacin da wani tsohon abokin wasansa, Ted Page, ya shige gaba aka nemo wurin aka sa masa alama. Kafin nan abubuwa sun fara sauyawa. A 1966, a ranar da ake shigar da gwanin bugu Ted Williams zauren Cooperstown, ya yi kira a bainar jama'a da a shigar da Paige da Gibson. A 1970 littafin Robert Peterson mai suna Only the Ball Was White ya fito ya tono tarihin gasannin baƙaƙe. Aka shigar da Paige a 1971, Gibson da Leonard kuma a 1972.

Allon tagullar da aka kafa masa a can ya ba shi hom-ron kusan 800 a shekara 17, amma wannan adadi ya haɗa har da wasannin ƙauye da ba wanda ya rubuta sakamakonsu. Abin da aka iya tabbatarwa a wasannin gasa bai kai 200 ba. A nan ne gardamar take har yanzu. Masu suka suna cewa bai dace a ɗora mai tsayuwa 2,200 da 'yan kai a kan Cobb mai sama da 11,400 ba, kuma Gibson bai fuskanci manyan masu jifan Turawa a gasa ba. Maganarsu tana da kama, sai dai a namu ra'ayin ta manta da abu biyu. Na farko, shi ma Cobb bai taɓa fuskantar baƙin masu jifa a gasa ba, haka Ruth bai tsaya gaban Paige a wasan gasa ba, kenan kowane ɓangare rabin gwanayen ƙasar ya gani. Na biyu, ba Gibson ne ya gajarta kakarsu ba, wariyar ce ta gajarta ta.

Lissafin kansa ba daga sama ya faɗo ba. Masu bincike na sa kai ne suka shekara da shekaru suna bin tsofaffin jaridun baƙaƙe irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender shafi-shafi, suna tsinto jadawalin kowane wasa, kuma duk wasan da ba a samu jadawalinsa ba ba a ƙirga shi, ko da kuwa labarin jarida ya ce Gibson ya yi hom-ron a cikinsa. A watan Disambar 2020 hukumar ta amince cewa gasannin baƙaƙe guda bakwai manyan gasanni ne, a shekarar ce kuma aka cire sunan Landis daga kyautar gwarzon ɗan wasa na shekara. Kwamitin da masanin tarihin hukumar, John Thorn, ya jagoranta ne ya tace alƙaluman da aka fitar a 2024, waɗanda suka ɗora Gibson a kan Cobb a ma'aunin bugu, suka kuma ɗora shi a kan Ruth a ma'aunin ƙarfin bugu, 718 a kan 690. Hukumar ta bayyana a lokacin cewa binciken bai ƙare ba, kuma duk jadawalin da aka sake ganowa za a shigar da shi, ko ya ɗaga adadin Gibson ko ya rage shi.